Shuɗin Fenti a Dandamalin Baba

Shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, babu bangon da ya tsira a unguwarmu ta Ƙofar Sauri. Masu neman kujera sun bi gida-gida sun manna hotunansu, wani a kan wani, har ya zama wanda ya ci zaɓe da wanda ya sha ƙasa suna yi wa mutane murmushi daga bango ɗaya. Da hayaniya ta lafa aka zo yaye takardun, sai suka tafi da fatar bangon. Gidanmu ya koma dabbare-dabbare kamar mai fama da ƙyasbi.

A lokacin ina aikin ofis, kuma an ɗan taɓa mana albashi. Ɗan Adam kuwa da zarar aljihunsa ya yi nauyi sai idonsa ya buɗe, ya fara ganin aibun gidan da aka haife shi. Na yanke shawarar a yi wa gidan fenti ciki da waje kafin ruwa ya sauka. Ban shawarci kowa ba. Ni mutum ne mai son a yi abu a gama, kuma fushina a kusa yake. Wannan hali ban ɓoye shi a lokacin ba, balle yanzu da furfura ta cika mini kai.

Gidan na mahaifina ne. Kafinta ne, ya yi shekaru yana aikin gwamnati kafin ya ajiye. Tun ina ƙarami aka rushe wani tsohon gidan Turawa, ya samo katakon maɗaci daga can, masu kauri da faɗi, ya zo ya shimfiɗa su a ƙofar ɗakinsa ƙarƙashin rumfar kwano. Ya ɗora su a kan duwatsu, kamu ɗaya daga ƙasa saboda gara, ya kafa madogara ta katako a gefe ɗaya daga farko har ƙarshe. Katako goma sha huɗu ne, a jere, da 'yar tazara tsakanin kowane biyu. Mu dandamali muke ce masa. Maƙwabta sun daɗe suna yi masa dariya, wai wa ya taɓa ganin an yi daɓe da itace a Katsina, ga ƙasa Allah ya hore. A ƙarshe kuwa su ne suka riƙa shigowa suna zama a kai da zafi.

Kowace shekara gab da damina yakan wanke dandamalin, ya shafe shi da jiƙon makuba, wato ɓawon ɗorawa, har ya yi ja mai duhu, in ya bushe ya bi shi da man 'ya'yan bedi, wato darbejiya, da ya ɗiga wa kananzir. Kwana uku gidan yana ɗaci, har a bakin tuwo kana jin sa. Ina yaro na tsani wannan mako.

Shekara guda kafin zancen fentin nan, hawan jini ya buge Baba, ɓarinsa na hagu ya shanye. Hannun bai dawo ba. Ƙafar ta dawo rabi, yana jan ta amma ba ya jin ta sosai, harshensa kuma ya yi nauyi. Likita ya gaya mana ba tare da kwana-kwana ba cewa dole ya riƙa takawa kullum, safe da yamma. Ya ce in aka bari ƙafar ta sandare, to kwanciya ce har abin da Allah ya yi. Baba ya ƙi sanda, ya ƙi a riƙe shi, ya ƙi taka yashin tsakar gida. Abin da ya yarda da shi kawai dandamalinsa. Da hantsi da kuma bayan la'asar sai ya fito, ya kama madogarar da hannun dama, ya bi katakon ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, ya juyo. Duk tafiyarsa a duniya ta koma wannan, kuma ita ce ta hana shi zama na kwance.

A shekarar babu wanda ya shafa wa dandamalin mai. Ya yi fari, ya yi ƙura, ni kuwa da na dube shi sai na ga tsohon katako kawai da ke ɓata mini tsari.

Akwai abin da ya kamata a sani game da ni da Baba. Ni ne ɗan fari, kuma gidanmu gidan alkunya ne irin na da. Bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa dubana ido da ido ya ce yi kaza ko bar kaza ba. Da safe ina tsugunawa a bakin ƙofarsa in gaishe shi, ya amsa yana kallon bango, in tashi. In yana da magana da ni, ƙanwarsa yake gaya wa, Gwaggo, wadda ita ta goye ni kuma ita ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyata. Ni ma in ina da magana, ta wurinta take bi. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashin so ba. Haka na tashi na gani, kuma haka gidaje da yawa suke a cikin birni.

Samun mai fenti a wannan lokaci ya yi wuya. Duk wanda ya ci kansila ya tuna gidansu na bukatar gyara, masu fentin gari kuwa sun bi inda ake yanka kaji. Sai da wani mai shago ya kwatanta mini inda 'yan ƙwadago ke zama da sassafe a wajen Ƙofar Ƙaura, kowa da kayan aikinsa a gabansa. A can na sami wani dattijo siriri, da buroshi uku a cikin tsohon gwangwani, da tsani a jingine. Mutumin wani ƙauye ne ta wajen Batsari, yana noma da damina, da rani ya shigo birni shi da ƙannensa biyu, magidanta su ma. Gaisuwarsa kaɗai ta ci mini minti biyar. Sai da ya tambayi gida da iyali da aiki da gajiya da zafi, ya koma ya sake tambayar gida, ina tsaye ina duba agogo. Ya ce zai yi aikin, amma da zarar an yi ruwan shuka a garinsu zai tafi. Na ce ai kafin nan mun gama.

Suka fara da bango. Aikinsa mai kyau ne amma na ga kamar da gangan yake jan sa. Sai sun kankare, sun cike ramuka, sun jira ya bushe, sun goge, sannan a buɗe gwangwani. In na dawo daga ofis na tarar bango ɗaya suka yi, sai in hau faɗa. Na yi masa magana, ya ce bango ma yana da nasa lokacin. Na ce to ni ma ina da nawa.

A ranar da suka fara ne Gwaggo ta tafi Funtuwa sunan jikarta, za ta yi mako guda. Matata ce ta ci gaba da kai wa Baba abinci, ita kuwa tsakaninta da suruki sai sallama da ajiye kwano. Ban kawo komai a raina game da tafiyar Gwaggo ba.

Rana ta huɗu na shigo da gwangwanin fenti mai mai, shuɗi mai sheƙi, irin wanda na ga an yi wa barandar sabon shugaban ofishinmu. Na ce wa dattijon da shi za a rufe dandamalin, har madogarar. Washegari da na fito zan tafi aiki, sai ya tare ni a tsakar gida, ya cire hularsa ya mayar.

"Malam, katakon nan bai son hwenti."

Na tambaye shi ko katakon ne ya gaya masa. Ƙannensa suka sunkuyar da kai. Ya ce maɗaci ne, ya sha mai shekara da shekaru, abin da yake so a sake ba shi abin da ya saba sha. Ya ce fenti mai mai yana da santsi, kuma in aka cike tsakanin katakon ruwa ba zai sami hanyar wucewa ba. Na ce masa na ji, a yi yadda na ce, na hau babur na tafi.

Da na dawo ba su taɓa dandamalin ba, sun koma kan tagogi. Kashegari da safe ya sake tare ni a wuri ɗaya, daf da ƙofar Baba, asabari a sake.

"Malam, da dai an sake shawara a kan katakon nan."

Nan fa na hau. Na ce aiki na kira shi ko shawara? Na ce gidan ubana ne, kuma na fi shi sanin abin da ya dace da shi. Na ce in ba zai iya ba ya faɗa, masu fenti ba su ƙare a Katsina ba. Na faɗi wasu maganganun ma da ba sai na maimaita ba, ga dattijon da ya kusa haifata. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "To." Baba yana ciki, taku uku daga inda nake tsaye, ko tari bai yi ba.

Suka yi aikin, kuma ba su yi ha'inci ba. Sun wanke katakon da fetur don fentin ya kama, sun cike duk tazarar da ke tsakani da poti, ƙullun nan na toshe rami, sun goge, sun shafa sau biyu. Kwana biyu Baba bai fito ba saboda jiran bushewa, na ce a raina ai hutu ne ya samu. Da aka gama, dandamalin ya zama shimfiɗa ɗaya shuɗiya, kana ganin inuwarka a ciki. Maƙwabta suka shigo suka yaba, wani ma ya ce kamar gidan Alhaji. Na ji daɗi ƙwarai. Na ga na yi wa mahaifina abin da bai taɓa yi wa kansa ba. Masu fenti suka kwashe tsaninsu suka tafi wani aikin.

Ranar da fentin ya bushe na jinkirta fita don in ga fitowar Baba. Na tsaya can wajen randa kamar ina neman wani abu. Ya ɗaga asabari, ya dafa ƙofa, ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya miƙa ƙafar dama ya ɗora, ya ɗan murza ta, ya janye. Ya saki asabarin. Da la'asar ko ɗaga shi bai yi ba.

Na ce warin fenti ne. Na sayo turaren wuta aka banka. Bai fito ba. Na ce ko sanyin fentin ne a tafin ƙafa, na shimfiɗa tabarma a kai. Da na taka tabarmar da kaina sai ta zame da ni, na yi sauri na naɗe ta kafin wani ya gani. Kwana uku, kwana huɗu, kwana biyar. Matata ta ce mini a zaune bakin gado yake salla yanzu, kuma ta ga ƙafar hagun ta fara kumbura. A ranar na ji tsoro na gaske, don maganar likita ta dawo mini kalma-kalma.

Da safe in tsuguna in gaishe shi, ya amsa wa bango, in tashi. Tambaya tana bakina amma ban san yadda ake yin ta ba, don ban taɓa yi ba. Kuma in faɗi gaskiya, har haushinsa na ji. Na ce ni da na ɓata lokacina da ƙarfina don in kyautata masa, shi ne zai saka mini da zaman ɗaki. Mai laifi in bai san shi ne mai laifin ba, ya fi kowa ƙarfin murya.

Gwaggo ta ƙara kwanaki a kan makon da ta ce, kamar yadda mata ke yi in sun je suna. Da ta dawo, kayanta na kanta ta tsaya cik a tsakar gida. Ta dubi dandamalin, ta dube ni, ta ce wa ya aikata wannan. Ta sauke kayan, ta cire takalmi, ta taka shuɗin nan a hankali tana dafa bango, ta shiga wurin ɗan'uwanta. Ta jima a ciki. Da ta fito ta ja ni zaure, inda ba zai ji ba.

Ta ce ƙafar da ba ya ji, ido ne ke taka masa ita. Layin da ke tsakanin katako da katako shi yake kallo ya san inda zai ajiye ta, kuma kaushin katakon ne ke riƙe masa ƙafar dama in ya jawo ta hagu. Yanzu na shafe masa layin, na mayar masa da wurin kamar ruwa, madogarar ma hannunsa zamewa yake a kai. Ta ce ya gwada sau ɗaya ya ji zai faɗi, kuma ya san in ya faɗi ba zai sake tashi ba. Sannan ta ce abin da ya fi zafi.

"Ai ya aiko maka. Sau biyu ya aiko maka, ka kori ɗan aiken."

Na ce wane ɗan aike? Ta ce mai fenti mana. Ranar da na shigo da gwangwanin, Baba ya kira dattijon bakin ƙofa bayan na shiga ɗaki, ya ce ya gaya mini katakon ba ya son fenti. Da ban ji ba ya sake aiko shi. Ta ce da tana nan da ba a yi haka ba, amma ni ma da ina da kunne da na ji.

Ban ci abinci ba na fita neman mutumin. Aka ce suna aiki a wani gida a Ƙofar Kwaya. Na same shi a kan tsani, kuma ko a lokacin da fushi na je, don na riga na shirya yadda laifin zai zama nasa. Ko sallama ban ƙarasa ba na ce me ya hana shi gaya mini saƙon Baba ne. Ya sauko a hankali, ya ajiye buroshi a bakin gwangwani, ya gaishe ni gaisuwarsa ta kullum, har da tambayar jikin Baba. Sai da ya gama ya ce Baba ne ya ce kada ya ce shi ya ce. Wai ba ya so ya zama ya hana ɗansa abin da ya yi niyya a gaban baƙi.

"Kuma Malam, mu a garinmu, in ɗan ƙwadago ya yi maka musu har sau biyu a cikin gidan ubanka, ai ka san ba bakinshi ba ne. Mi ya kai ni? Na ɗauka ka gane."

Ban gane ba. Na yi boko, na yi ofis, na iya rubuta takarda mai kwafi uku, amma abin da manomi ya ɗauka kowane ɗan gari ya sani ya wuce ni. Na tsaya a wurin kunya ta rufe ni. Na ba shi haƙuri a gaban ƙannensa, tunda a gabansu na ci masa fuska. Na tambaye shi ko fentin zai fita.

Ya ce zai fita, amma ba da sauri ba. Ya ce an aiko masa an yi ruwan shuka a garinsu shekaranjiya, gobe suke da niyyar tafiya. Daga baya ya ce ƙannensa su tafi su fara, shi zai tsaya, don da hannunsa ya shafa abin kuma bai ji daɗin shafawar ba.

Na ɗauki hutu a ofis, muka zama mu biyu. Na zaci zai kawo wani magani ko ya gasa fentin da wuta, ya ce katakon da ya sha mai ba a nuna masa wuta. Abin da ya zo da shi tsofaffin gilasan taga ne, ya fasa su gunduwa-gunduwa. Ka riƙe guntun da hannu biyu, ka ɗan karkata shi, ka ja ta inda jijiyar itacen ta bi. Fentin na fita siriri-siriri yana naɗewa. In bakin gilashin ya dakushe ka jefar ka ɗauki wani. Potin da ke tsakani kuwa da ƙusa muka riƙa tono shi. Kafin azahar ta ranar farko yatsuna sun yanke a wuri huɗu, bayana ya ƙage, katako biyu kacal muka fitar. Shi yana aikinsa kamar mai shema a gona, ba sauri ba tsayawa.

Duk wannan a kunnen Baba ake yi. Asabari bai ɗagu ba, amma Gwaggo ta ce ya sa an juya masa filo ya koma ta wajen ƙofa. Ni kuwa lissafin kwanaki nake yi. Kowace safiya da ta wuce bai taka ba, ina jin ta a ƙirjina.

Wannan lissafin ne ya sake kai ni ga halina. Rana ta uku mun kai wajen ƙarshe, saura katako uku. Dattijon ya fita zaure cin abinci. Na dubi abin da ya rage, na dubi rana, na ce da gilashi sai gobe. Na shiga ɗakin ajiya na buɗe akwatin kayan aikin Baba, na ɗauko gizagonsa. Sara na farko ya ɗauke fentin tas. Na biyu ma haka, har na fara jin na gano dabarar da tsofaffi ba su sani ba. Na uku bakin gizagon ya nutse, ya ɓantaro tsoka guda daga katako na goma sha biyu, tsawon tafin hannu, zurfin yatsa. Sauri ya haifi nawa.

Dattijon ya dawo ya gani. Ya karɓi gizagon daga hannuna ya kai ɗaki ya ajiye, ya dawo ya tsuguna ya bi bakin ramin da gilashi har ya daina kaifi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Sauran katakon da gilashi muka ƙarasa su, har washegari.

Gwaggo ta samo makuba wurin masu daddawa, ta jiƙa ta kwana. Muka wanke dandamalin, muka shafa da tsumma, katakon ya riƙa sha kamar mai ƙishirwa, jan nan mai duhu ya dawo, layukan suka fito. Da aka zo haɗa mai, dattijon ya tsuguna a bakin asabari ya tambayi Baba yawan kananzir ɗin da yake sawa. Baba ya amsa. Ya yi magana mai tsawo da harshensa mai nauyi, yana cewa murfin kwalba kaza, kuma kada a zuba a kan katako, a tsumma ake zubawa, a murza har sai hannu ya yi ɗumi. Rabon da in ji ya yi magana mai tsawo haka tun kafin ciwon. Ina tsugune a gefe da tsumma a hannu, ina yin duk abin da yake gaya wa wani.

Sai da aka ƙara kwana biyu man ya shige. In aka haɗa duka, Baba ya fi mako biyu bai taka ba.

Dattijon ya ce ba zai tafi ba sai ya ga fitowar Baba. Da hantsi ya zo da 'yar jakarsa ta tafiya, ya zauna a gindin bango. Gwaggo tana bakin murhu, ni ina can nesa kaɗan. Baba ya ɗaga asabari. Ya rame, kuma na lura da ƙyar ya jawo ƙafar hagun ta tsallake dokin ƙofa. Ya kama madogarar, ya shafa ta da babban yatsa. Ya ɗora ƙafar dama a katako na farko, ya dubi layi, ya jawo ta hagu ya ajiye. Ya huta. Ya sake. Da can yakan kai ƙarshe ya dawo kafin shayi ya huce, ranar kuwa kowane katako sai da ya tsaya a kansa yana numfashi. Ina ƙirgawa a zuci, kuma ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

A na goma sha biyu ƙafarsa ta dama ta faɗa ramin. Ya tsaya. Ya bi shi da yatsun ƙafa daga wannan baki zuwa wancan. Bai ɗago kai ba ya ce wa ya yi nan.

Dattijon ya yi caraf ya ce, "Ni ne, Baba. Hannu ne ya kuɓuce."

Baba ya sake shafa wurin. Ya ce, "Mai sana'a bai sara haka. Wannan saran mai biro ne."

Gwaggo ta juya baya tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Dattijon ya ce ai ana iya cire katakon a juya shi, cikinsa lafiya lau ne, aikin rabin yini. Baba ya ce a bar shi. Ya daɗe a tsaye, ƙafarsa a cikin ramin, yana kallon katako biyun da suka rage a gabansa. Sannan ya juya a hankali ya kama hanyar ɗaki.

Na raka dattijon har tasha. A hanya ya ce in riƙa shafa man da kaina duk shekara, kuma in daina taɓa ƙarfe in ina cikin sauri. Ban sake ganinsa ba, wataƙila ya daina shigowa birni.

Baba ya ƙara shekara uku a duniya, kuma bai kwanta ba sai makonsa na ƙarshe. Kullum da hantsi da bayan la'asar yana fitowa, ya bi katakon ɗaya bayan ɗaya har ƙafarsa ta sami ramin, ya ɗan tsaya, ya juya. Katako biyun ƙarshe bai sake taka su ba. Ban sani ba ko ƙarfin ƙafar ne makonni biyun nan suka rage masa, ko kuwa shi ne ya ga dama ya mayar da wurin iyakarsa. Sau ɗaya na roƙi Gwaggo ta tambayar mini shi. Ta ce ta kai masa saƙona shekara arba'in, amma wannan ba za ta kai ba.